Yatsan da ya rage wa Dada

Sunana Hapsatu, a Dubeli muke zaune cikin Jimeta, kuma ba ni da haƙurin kewaye-kewaye. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara. Hannunta na dama ya dunƙule, ba zai sake buɗewa ba. Ba ciwon ne kaɗai ya dunƙule shi ba, mu ma da hannunmu a ciki. Na rubuta wannan ne don duk wanda uwarsa ko ubansa ya faɗi ya ga inda muka yi ɓarna, kada ya maimaita.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za a gane ba. Mu ba 'yan Jimeta ba ne, daga Mubi muka zo shekarar gudu, da 'yan bindiga suka afka wa garin, ina da shekara goma sha ɗaya. Mu huɗu ne a gidan: Baba, Dada, yayana Hamma Sa'idu, sai ni. Mu uku muka iso. Da safen ranar Dada ta aiki Hamma kasuwa ya sayo mata zare, don ɗinkin hula take yi. Shi kuwa yana zaune yana danna wani ɗan gem na roba, rawaya, mai batir biyu, irin wanda ake tuƙa wata 'yar mota ana kauce wa wasu. Ta yi magana sau biyu bai tashi ba, ta fizge gem ɗin ta ce sai ya dawo. Ya fita yana ƙunƙuni. Bai dawo ba aka fara harbi. Mun jira har maƙwabta suka ja mu da ƙarfi. Har yau ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba.

Hamma ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Shi ya sa ma yayar Baba, Goggo Adama da ke Rumde, ita ta ɗauke shi tun daga yaye ta riƙe shi har ya isa shiga makaranta. Da ya ɓace, Dada ba ta yi kuka a gaban kowa ba. In muka je inda ake rubuta sunayen waɗanda ba a gani ba, ma'aikaci ya ce, "Mama, sunan yaron?" sai ta zungure ni da gwiwar hannu, ni in faɗa. Baba ne kaɗai ke ambatonsa a gida. Da Baba ya rasu bayan shekara huɗu, sunan ya bi shi. Ba wanda ya kafa doka. Kawai mun daina.

Ciwon Dada ya daɗe yana ba da sanarwa. Ciwon kai ta ƙeya, jiri in ta miƙe, ido ya yi ja. Sai ta ɗaure kai da ɗankwali tamau ta ci gaba da ɗinki. In na ce mu je a auna ta, ta ce, "Rana ce. Wa ba ya ciwon kai a garin nan?" Wani mai kemis ya taɓa auna ta ya ce jininta ya hau, ya ba ta ƙwayoyi. Ta sha na sati biyu, ta ji dama, ta ajiye. Ni ma ban matsa ba. Wannan ɓarna ta farko ke nan.

Ranar Talata da hantsi ta faɗi. Ina shirin tafiya shagon buga takardu da nake aiki, na ga allura ta suɓuce mata, ta ɗauka, ta sake suɓucewa. Na ce, "Dada, lafiya?" Ta ɗago za ta amsa, na ga bakin ya karkace gefe ɗaya, yawu na zuba. Ta zame daga kan kujera a hankali, ko ƙara ba ta yi ba.

Na kira Goggo. Ta zo ta dube ta, ta ce iska ce ta buge ta, kuma mai irin wannan in aka yi masa allura shi ke nan. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, aka shafe ta da mai. Kwana uku muna haka. Ranar Juma'a na ga ruwa ma yana dawowa ta hanci, na fita na tare keke ba tare da na tambayi kowa ba. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu ce ta kama mini ƙafafunta muka sa ta ciki. Madam tsohuwar malamar firamare ce, 'yar Numan, ita ke kaɗa piyano a cocinsu, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

A asibiti mun yanki kati da safe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Dada tana kwance a kan benci, kanta a cinyata, ina yi mata fifita da katin. Likitan saurayi ne. Ya ce, "Yaushe ta faɗi?" Na ce Talata. Ya juya ya dubi kalandar da ke bango, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Yau Juma'a." Gara a ce zagina ya yi. Ya ce sunan ciwon sitirok, hawan jini ne ya kawo shi, kuma wanda aka kawo da wuri ya fi samun abin da za a ceto. Hoton ƙwaƙwalwa sai da muka je wani wuri daban aka ɗauka. Tumakin Dada biyu da 'yan kunnena a wannan makon suka tafi.

Mako biyu muka yi a ɗakin mata. Akwai wata nas mai tabo a goshi da ta koya mini yadda ake juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake ba shi kunu da cokali ba tare da ya shaƙe ba. Allah ya saka mata. Akwai kuma wadda in ka kira ta sai ta gama kallon wayarta. Ita ma Allah ya saka mata daidai aikinta.

Maganar Dada ta tafi, kalma ɗaya ta rage mata: "To." Za ki sha shayi? To. Akwai ciwo? To. Kin san ni? To. A mako na biyu ne ta fara wani abu. Sai ta rufe ido ta riƙa fitar da wani guntun sauti ta hanci, ya hau, ya sauka, ya tsaya, ta sake daga farko. Safe da rana haka. Matan ɗakin suka fara kallonmu. Ni haushi ya ba ni, na ce, "Dada, don Allah ki yi shiru, ana kallonmu." Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Kin ji ko? Na faɗa miki. Uwarki ta taɓa yin waƙa tun da kike? Ba ita ba ce, mai waƙar daban."

Da za a sallame mu aka tura mu wajen likitar gashin ƙashi, wata gajeruwar mata mai ƙarfin hannu. Ta lanƙwasa ƙafar Dada, ta miƙe, ta kama hannun ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta saki, suka koma a hankali. Maganarta ta zauna mini har yau. Ta ce, "Ƙafa za ta dawo, don dole ta je banɗaki. Hannu kuwa sai an ba shi dalili. Wata ukun farko su ne naku. In yatsun nan suka kwanta a tafin hannu suka saba, ko ni ba zan iya tashinsu ba." Ta ba mu wata ƙwallon roba ta ce a riƙa matsawa.

Dada ta ƙi ƙwallon. In na sa mata a hannu sai ta kawar da kai har ta gangara ƙasa. Ga 'yan dubiya, tun daga hantsi har magariba. Da ta ji sallama sai ta sa hannun hagu ta ja na daman ta tura ƙarƙashin hijabi, ta gyara zama ta miƙe baya, kamar ba abin da ya same ta. Su ce da Fillanci, "Allah hoynu," wato Allah ya sauwaƙe, ta ce, "To." Su zauna awa biyu suna labarin wani da ya yi irin ciwon ya mutu. Su tafi wasu su shigo. Hannun yana ɓoye yini guda. Na fara korar mutane, aka ce ba ni da tarbiyya. In sun tafi kuma in huce a kanta: "Matsa mana, Dada. Ƙwallo ce, ba wuta ba." Kullum da safe in na buɗe yatsun sai in ji sun fi jiya tauri.

A mako na biyar na buɗe adakarta ina neman tsofaffin zannuwa na shimfiɗa. A can ƙasa na taɓa wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Gem ɗin Hamma ne. Ashe da shi ta yi gudun, ta haye duwatsu da shi a ƙugu, ta ajiye shi fiye da shekara goma ba wanda ya sani. Batiran sun narke a ciki sun yi wani fari-fari. Ina riƙe da shi, sai na ji ta daga ɗaya ɗakin ta fara sautin nan nata. Na zauna a ƙasa. Waƙar da gem ɗin ke yi ce in an kunna shi. Waƙar da ta sha cewa tana hana ta jin kiran salla. Sati uku ina ce mata ta yi shiru.

Na kai shi wajen mai gyaran waya, ya buɗe, ya yi dariya ya ce wannan ko wanda ya ƙera shi ba zai tashe shi ba. Na mayar da shi cikin ɗankwalin, na mayar ƙasan adaka. Ban gaya wa kowa ba. A riƙe wannan, don nan ce ɓarnar da ta fi kowacce.

Ranar Asabar Madam Rifkatu takan yi gwajin waƙoƙin Lahadi, muna ji ta katanga. Wannan Asabar ɗin na lura yatsun Dada suna ɗan motsi a kan cinyarta lokacin da ake kaɗawa. Na tashi na zaga.

"Madam, ki koya mini piyano."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ke? Ke da ko gaisuwa a guje kike yi?"

"Waƙa ɗaya kawai nake so."

"Kowa haka yake cewa. Wace waƙa?"

Na yi mata da hanci, ina jin kunya. Ta sa na maimaita sau biyar tana lalube da yatsa ɗaya har ta kamo. Ta ce, "Wannan ai na wasan yara ne. Ina kika samo?" Na ce Dada ce ke yi.

Taɓi goma sha huɗu ne duka waƙar. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, ya ci mini kwana tara. Madam ta yanka farar salatif ta manna a kan maɓallan ta rubuta lamba, ɗaya zuwa shida. Kullum bayan la'asar in je. Ta ce babban yatsa a kan ɗaya, sauran su bi, kada hannu ya kwanta, a ɗaga shi kamar an riƙe ƙwai. Ni kuwa sauri nake, in danna uku daidai, in ɓata na huɗu, in buga tsaki in dake su gaba ɗaya. Ta ce, "Hapsatu, piyano ba turmi ba ne. Daina daka." Ta sa ni in riƙa ƙirgawa da baki, in na yi sauri ta buge mini hannu da biro kamar 'yar aji biyu. A taɓi na tara muka yi gardama. Ni na ji kamar baƙin maɓalli ne, ita ta ce fari ya fi dacewa, shekara talatin tana kaɗawa. Ban tabbata ba, na bar mata.

Rana ta tara ta jawo wani ƙaramin piyano daga ƙarƙashin gado, tsohon nata, mai aiki da batir, ta manna masa salatif mai lambobin shi ma. Ta ce, "Kai wa mamanki. Nan ɓeraye ne kawai ke hawansa."

Na ajiye shi a kan tabarma gaban Dada, na kunna, na fara. A taɓi na uku ta daina nata sautin. Ta buɗe ido. Na ci gaba ina ƙirgawa a zuci, shida, bakwai, takwas, na danna farin nan na Madam.

"A'a."

Na tsaya. Sati bakwai ban ji wata kalma daga bakinta ba sai "to". Na sake daga farko, na sake danna farin da gangan.

"A'a."

Sai ta sa hannun hagu ƙarƙashin hijabi, ta jawo na daman, ta ɗaga shi kamar kayan wani, ta sake shi a kan maɓallan. Suka yi ƙara gaba ɗaya. Na kama manuniyarta na miƙe ta, na ɗora a kan baƙin maɓallin, na danna da ita.

Ta ce, "To."

Da na gaya wa Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shekara talatin ɗinta sun tashi a banza.

Makonni biyu da suka biyo baya su ne masu kyau a duk jinyar. Na ɗora piyanon a kan matashi a cinyarta. Da farko ni ke riƙe yatsan. Daga baya na riƙa riƙe wuyan hannun kawai. Manuniya ta fara sauka da kanta, ta tsakiya ta biyo, babban yatsa ya fara rawa yana neman lamba ɗaya. Gumi ya jiƙe ta, ta ƙi a ɗauke. Ta kai taɓi shida ita kaɗai. Da muka koma gashi, likitar ta buɗe hannun ta ce, "Me kuka ba ta?" Na ce piyano. Ta ce, "Ko ganga ce ku ci gaba."

Amma 'yan dubiya suna da kunne. Magana ta zaga har Rumde. Goggo ta zo ranar wata Laraba ta same mu a kai. Ta tsaya a bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba.

"Ashe gaskiya ne. Mace tana kwance tsakanin rai da mutuwa, maimakon carbi an ɗora mata kayan coci a cinya. Kuma waƙar da aljanin nan ke yi a bakinta, ita kike kaɗa masa? Kiransa kike yi ya zauna?"

Na ce, "Goggo, in kin san gyaran hannu ki gyara. In ba ki sani ba ki bar mu."

Abin da na faɗa ke nan. Adakar tana bayana, taku biyu. Da na buɗe na nuna mata gem ɗin, da magana ta ƙare a nan. Amma Dada tana zaune, kuma a gidanmu ba a ambaton Hamma. Al'adar Dada kaɗai ta hana kiran sunan, ba ta hana ni ba, ba ta hana Goggo ba. Mu ne muka ɗauki kunyarta muka lulluɓe gidan gaba ɗaya da ita. Ga kuma bakina, wanda ya fi saurin cizo a kan bayani.

Goggo ba ta yi faɗa ba. Ta koma ta kira Kawu, ƙanen Dada, suka shirya. Akwai wata mai magani a Girei da aka ce tana tashin shanyayyu, kwana arba'in ake yi a gidanta. Goggo ta ce ita za ta zauna da Dada, ni in koma aiki.

Zan faɗi gaskiya, don in ban faɗa ba rubutun nan ba shi da amfani. Ba fin ƙarfina aka yi ba. Na gaji ne. Sati tara ina ɗaga mace, ina wanke ta, ina wanke shimfiɗa, bayana kamar zai tsinke, mai shago yana cewa zai ɗauki wata. Da aka ce kwana arba'in, abin da na fara ji a raina daɗi ne. Na ce, "To, ku tafi." Ni da kaina na mayar wa Madam piyanonta. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce kwana arba'in ne kawai. Ta ce, "A hannun tsohuwa ba kaɗan ba ne." Na yi kamar ban ji ba.

Ba zan zalunci Goggo ba. Ta kula da Dada fiye da yadda na yi. Ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki, ƙwayoyin hawan jinin da na ba ta ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, ko da yake mai maganin ta ce a daina. Sau biyu na haye gada na je. Na samu an dunƙule hannun a kan wani ƙullin ganye, an naɗe da tsumma har wuyan hannu, an ce ba a kwancewa sai ranar arba'in. Na gani da idona, na tuna maganar likitar gashi, na yi shiru don kada a ce na zo da rashin kunya. Yatsa ɗaya ne a waje. Mai maganin ta yi mini ƙorafi: "Uwarki da taurin kai take. Kullum sai ta zaro yatsan nan da haƙori tana ƙwanƙwasa bakin gado. Na mayar, ta zaro. Na gaji na bar ta."

Ranar da aka dawo da ita na kwance tsumman a tsakar gida. Warin ne ya fara fitowa. Yatsun sun manne da tafin hannu, farata sun yi tsawo sun shiga nama, wurin ya yi ruwa. Na ja na tsakiya, kamar ina jan ƙusa a katako.

Washegari muka je gashi. Likitar ta wanke ciwon, ta gwada buɗewa a hankali. Dada ta yi ƙara. Tun da nake ban taɓa jin ƙararta ba, ko ranar gudu, ko ranar da Baba ya rasu. Likitar ta saki. Ta ce, "Ina kuka kai ta?" Na faɗa. Ta ce, "Ba ke na yi wa bayani ba?" Na ce ni ce. Ta ce za a ci gaba da gashi don kada ya ƙara lalacewa, amma in cire rai da buɗewa. Sannan ta taɓa manuniyar, ta lanƙwasa, yatsan ya miƙe da kansa. Ta ce, "Wannan kam ita ta ceci abinta."

Da muka koma gida Goggo tana nan tana tankaɗe. Na zaunar da Dada, na wuce ɗaki, na buɗe adaka, na fito na ajiye ƙullin ɗankwalin a cinyar Goggo.

"Kwance."

Ta kwance. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce a hankali, "Ni na saya masa wannan. A kasuwar Jimeta, da wata Salla. A kwalinsa na ba shi, ya tafi da shi Mubi. A ina kika samu?"

"A adakar Dada. Da shi ta yi gudu. Waƙar da kika ce ta aljani ce, waƙar wannan ce. Waƙar gem ɗin Hamma Sa'idu ce take yi tun a asibiti."

Tun rasuwar Baba ba a faɗi sunan nan a gidan ba. Dada ta juya fuskarta bango. Goggo ta daɗe tana kallon abin, garin tuwo a hannunta yana shafar robar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ku tafi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Goggo ta miƙe, ta karkaɗe zani, ta yafa mayafi ta fita. Na ɗauka Rumde ta tafi. Sai na ji sallamarta ta bayan katanga, a gidan da ba ta taɓa takawa ba. Jim kaɗan ta shigo da piyanon a ka, ta yi masa gammo da mayafinta, Madam na biye da ita tana cewa a yi hankali da maɓallan. Ta sauke shi a gaban Dada, ta ce da ni, "Kunna. Ni ban san inda ake taɓawa ba."

Yanzu kusan shekara ke nan. Dada tana tafiya da sanda, tana jan ƙafa. Kalmominta biyu ne har yau, "to" da "a'a". Kullum da safe ina cusa auduga cikin dunƙulen hannun in goge, in yanke farata da ƙyar, ita tana kallon gefe. Hular da take ɗinkawa ranar da ta faɗi tana nan a leda, allurar a soke inda ta tsaya. Wanda ya ba da aikin ya zo sau ɗaya, ya ga hannun, bai tambaya ba. In tana salla a zaune ta zo tahiya, manuniyar tana ɗagawa. Goggo ta gani, kuma duk Juma'a sai ta zo da batir a ƙullin zaninta.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. In baki ya karkace, a tafi asibiti a ranar, a yi addu'ar a cikin keke. Ƙwayar hawan jini ba a ajiye ta don an ji dama. Kada a bari a naɗe hannun da ya shanye, ko wa ya ce. In mai jinya ya gaji ya ce ya gaji, a karɓe shi na kwana biyu, kada ya miƙa mara lafiyar gaba ɗaya don ya samu barci. In kuma akwai abin da kuka daina faɗa a gidanku, ku duba ko shi ne mara lafiyar ke ta ƙoƙarin faɗa.

Bayan la'asar nake ɗora mata piyanon. Salatif ɗin Madam ya yi baƙi, lambobin sun goge, ba ta buƙatarsu. Da yatsa ɗaya take bi, tana ɗaga dunƙulen hannun gaba ɗaya daga maɓalli zuwa maɓalli, waƙar da gem ɗin ke gamawa kafin ka gyara zama ita sai ta ci minti biyu. Tana kaiwa goma sha huɗun yanzu, har da baƙin.

Rannan Goggo tana zaune ta ce da ni, "Wai a cikin abin, in waƙar ta ƙare, me ke faruwa?"

Na ce, "Sai motar ta fito, a fara wasa."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Dada ta danna na ƙarshe. Ta bar yatsan a sama, ta juya tana kallon ƙofar zaure. Haka take yi kullum, kuma mun koyi kada mu yi magana a lokacin. Ta jira iya jiranta. Sannan ta mayar da hannun kan lamba ɗaya.